Tsohuwar Mota a Ingila: Arha Wajen Saye, Nauyi Wajen Riƙo

Assalamu alaikum ƙanena. Ga bayanin da ka nema kan motar farko idan Allah ya kawo ka Ingila.

A gida kuɗin tokumbo ne ke karya mutum, hannun bakanike kuma da sauƙi. A nan akasin haka ne. Tsohuwar mota tana da arha, amma bakanike da awa yake caji, ga inshora da ke iya fin kuɗin motar kanta idan sabon direba ne. Don haka kafin ka biya ko sisi, sa lambar motar a shafukan kwatanta inshora ka ga farashi. Wajen inshora an kasa motoci rukuni 1 zuwa 50, na ƙasa sun fi arha. Ƙananan injina irin Toyota Yaris ko Honda Jazz suna can ƙasa. Kuma injinansu na fetur sarƙa suke amfani da ita, babu bel ɗin taimin da za ka riƙa fargabar tsinkewarsa. Kada ka kuskura ka hau titi ba inshora: tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a kan lasisi, kuma maki 6 a shekara biyun farko bayan cin jarrabawar tuƙinsu ya isa a soke lasisinka. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake aiki, daga nan sai ka ci jarrabawarsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin MOT. Duk motar da ta shekara uku dole a duba lafiyarta kowace shekara, kuɗin bai wuce fam 54.85 ba. Sakamakon yana intanet kyauta: mil nawa ta yi a kowace shekara, me ta faɗi a kai, me aka yi gargaɗi. Dillalin da ya juya mita, a nan asirinsa ke tonuwa. Da ma a samu irin wannan a gida.

Ka karanta gargaɗin da kyau, musamman maganar tsatsa. Da hunturu gishiri ake watsawa a titi saboda ƙanƙara, shi ke cin ƙarƙashin mota, da bututun birki, da salansa, alhali fenti na ta ƙyalli. Mu da muka saba da rana da ƙura ba mu cika leƙa ƙasa ba. Durƙusa da tocila ka duba. Injin da ya gaji a iya sake shi, amma ruɓaɓɓen ƙarfe walda yake so, waldar nan kuwa ta kan fi ƙarfin darajar motar.

Ka guji tsohuwar mai dizal. Gajerun tafiye-tafiyen cikin gari suna toshe matatar hayaƙinta, sannan a Landan motar da ba ta cika ƙa'idar hayaƙi ba fam 12.50 take biya duk ranar da ta fita. Mai fetur daga 2006 galibi ta tsira, mai dizal kuwa sai ta wajen ƙarshen 2015.

Ranar ciniki, a nuna maka takardar rajistar motar da ake kira V5C, ka gwada lambar jikin motar da wadda ke rubuce. Ka je da safe injin na sanyi, ka duba zanen taya kada ya gaza milimita 1.6. Harajin titi ba ya bin mota, sai ka biya naka kafin ka ja ta.

Batun turo ta gida daga baya kuma, ka cire rai: sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama da sitiyarin hagu. A gaida su Inna.