Galaxy Tab A9: Wata takwas da ƙaramar kwamfutar hannu a kan hanya

Aikina yana sa ni hawa jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja kusan kowane mako, kuma na daɗe ina ɗaukar laftof a jakar goyo don kawai in karanta takarda biyu ko uku a hanya, in amsa saƙonni, sannan idan na isa masauki in kalli wani abu kafin barci. Da tafiya ta yi tafiya nauyin ya ishe ni, wayata kuwa allonta ya yi ƙanƙanta ga takardar da ke da jadawali da ƙananan rubutu. Wannan ne ya sa na sayi Galaxy Tab A9, ƙaramar kwamfutar hannu da Samsung ya fitar a watan Oktoba na 2023, wadda take cikin mafi araha a jerin kwamfutocin hannu na kamfanin. Yau wata takwas ke nan ina aiki da ita, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi inda ta biya mini buƙata da inda ƙarfinta ya tsaya.

Babban abin da ake saye a wannan na'ura shi ne girmanta. Allonta inci 8.7 ne, kaurinta milimita 8, nauyinta kuwa giram 332, wato bai kai nauyin ledar ruwa ɗaya ba, tunda ledar ruwa rabin lita ce. Faɗinta bai cika santimita 13 ba, saboda haka tana shiga aljihun gefe na kaftani idan telan bai yi rowar yadi ba, kuma ana iya riƙe ta da hannu ɗaya daga Rigasa har Kubwa ba tare da tsintsiyar hannu ta gaji ba. Bayanta ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa ko ƙara idan an matsa shi, kuma wannan ya ba ni natsuwar jefa ta cikin jaka tare da makullai da caja. Duk da haka na saya mata riga mai murfi tun ranar farko, kuma ina ba duk mai niyyar sayenta shawarar ya yi haka, domin murfin ne ke zama majinginarta a kan ɗan teburin jirgi, shi ne kuma ke kare allon daga ƙurar hunturu.

Iri biyu ake sayarwa, mai Wi-Fi kaɗai da mai ɗaukar layi, kuma a wurina wannan zaɓi ya fi kowane muhimmanci. A ƙasashen da Wi-Fi ke kowane gida da ofis da tasha, mai Wi-Fi kaɗai ta wadatar, amma mu da yawancinmu muke rayuwa a kan datar layi, wanda ya sayi marar layi zai wayi gari kullum yana jona ta da wayarsa, batirin wayar yana zuba, kuma da an kira shi aikin ya tsinke. Mai layin tana aiki da 4G, ba ta da 5G, kuma ana iya kira da amsa kira da ita kamar waya, ko da yake ya fi dacewa a sa abin kunne. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu bai kai wahalar da mutum zai sha ba. Farashi dai yana tafiya ne da dala, don haka ya kamata a taya a shago biyu ko uku kafin a biya, kuma a buɗe kwalin a gaban mai shago a tabbatar da lambar samfurin: mai layin ita ce SM-X115, marar layin kuma SM-X110.

Allon shi ne wurin da aka rage kuɗi, kuma gara mai saye ya san haka tun da wuri. Ɗigoginsa 1340 ne a tsaye, 800 a kwance, wanda ya kama kusan ɗigo 179 a kowane inci, alhali wayoyi masu matsakaicin farashi da yawa suna da ninkin haka. A aikace ma'anarsa ita ce idan aka buɗe takardar PDF mai cikakken shafi, manyan rubutu suna fitowa sarai, amma ƙananan bayanai na ƙasan shafi da lambobin cikin jadawali sai an ja su da yatsa biyu kafin ido ya huta. Na fi lura da hakan a karatun Alƙur'ani: shafi guda na mus'hafi yana cika allon daidai, ana karantawa ba tare da matsala ba, sai dai wasulla da alamomin tsayawa ba su da kaifin da suke da shi a takarda, kuma dattijon da idonsa ya fara rauni zai so ya ƙara girman rubutun. Haskensa ya isa cikin ɗaki da cikin jirgi, amma a tsakar rana, a tasha ko a gona, sai an nemi inuwa. Bidiyo kuwa yana fitowa da kyau ga mai kallo daga nisan hannu, ko da yake allon ba zai nuna cikar kyan hoto na matakin 1080 ba ko da an zaɓe shi a YouTube, don haka zaɓen 720 ya fi, kuma yana rage cin data.

Injin da ke cikinta Helio G99 ne na kamfanin MediaTek, wanda masu amfani da Tecno Camon 20 Pro ko Infinix Note 30 sun riga sun san gudunsa, domin shi ne a cikin wayoyin nasu. Inji ne mai matsakaicin ƙarfi da ba ya cin batir sosai, ba ya kuma zafi da wuri, abin da ke da daraja a watan Afrilu. Buɗe Gmail, Word, WhatsApp da shafukan intanet duk yana tafiya lami lafiya. Inda ake jin bambanci shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu shago ke kira ram. Akwai mai giga 4 da ma'adana 64, akwai mai giga 8 da ma'adana 128. Tawa mai 4 ce, kuma idan na raba allon biyu, takarda a sama, wurin rubutu a ƙasa, sannan na leƙa wata manhaja ta uku na dawo, wani lokacin sai takardar ta sake buɗewa daga farko. Da yau zan sake saye, da mai giga 8 zan nema, ko da zan jira wata guda in cika kuɗin. Ƙarancin ma'adana kuwa ba abin damuwa ba ne, tunda tana karɓar katin memori har mai terabait 1, kuma a kansa na zuba karatuttuka da bidiyoyin da nake saukewa a gida, domin akwai wurare a kan hanyar da sabis ke ɗaukewa gaba ɗaya.

Game da rubutu, dole in yi bayani dalla-dalla, saboda nan ne mutane suka fi ruɗar kansu. Don amsa wasiƙa, gyara sakin layi, cike fom ko duba lissafi a Excel, allon ya wadatar, kuma idan aka riƙe ta a tsaye manyan yatsu biyu suna kai wa ga kowane harafi. Na sa Gboard na zaɓi Hausa, saboda haka ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa ba tare da na je neman su wani wuri ba, abin da har yau yake ba ni wahala a laftof. Na kuma gwada haɗa ta da ƙaramin allon bugu ta Bluetooth, na rubuta rahoto mai shafi huɗu a masauki, kuma ya yiwu. Amma rahoto mai jadawali da yawa, ko lissafi mai ginshiƙi goma sha biyar, aikin laftof ne, domin a inci 8.7 rabin lokacin mutum yana ƙarewa wajen jan shafi hagu da dama. Ba ta aiki da alƙalamin S Pen, ba ta kuma da tsarin DeX da ke mai da allo kamar na kwamfuta; wanda yake buƙatar DeX sai ya dubi yayarta, Tab A9+, mai inci 11, wadda ita kuma ba ta shiga aljihu.

Kyamarorinta na larura ne. Ta baya mai megafiksel 8 tana ɗaukar hoton rasit ko takarda a karanta, ta gaba mai megafiksel 2 kuma tana nuna fuska a taron Zoom muddin akwai haske. Ba ta da wurin ɗora yatsa don buɗewa, sai lambar sirri ko fuska, kuma da daddare lambar sirrin ce ta fi tabbas.

A fannin nishaɗi ta fi ba ni mamaki. Lasifikanta biyu ne, sautinsu yana cika ɗakin masauki, kuma muryar mai magana tana fita tsaf, ko tafsiri ake saurare ko sharhin ƙwallo. An kuma bar mata ramin abin kunne na waya, wanda na'urori masu tsada da yawa suka cire, don haka abin kunne mai araha na bakin tasha ya isa, babu cajin wani abu daban. Wasanni marasa nauyi suna tafiya sumul, masu nauyi kuwa sai an rage musu kyan hoto. Idan na dawo gida ƙarshen mako, 'yata mai shekara shida takan karɓe ta, ni kuma in kunna mata Samsung Kids, wanda ke rufe sauran manhajoji da lambar sirri ya kuma ƙayyade lokacin kallo. Na taɓa samunta kwance a kan tabarma, ta jingina kwamfutar da filo, tana bin haruffa da yatsa tana furta su da ƙarfi, kuma girman ya yi daidai da hannunta.

Batirin mai ƙarfin 5,100 mAh ne, kusan daidai da na wayoyin zamani, sai dai da yake allon ba mai yawan ɗigo ba ne kuma injin ba mai haɗama ba ne, yana kai ni yini guda na karatu, saƙonni da kallon awa biyu, har a kwana da saura. Cajin ne ke son haƙuri, domin iyakarsa wat 15, kuma daga ƙasa zuwa cika yana cin sama da awa biyu. A garin da ake kawo wuta a ɗauke ba sanarwa, wannan yana nufin da zarar an kawo sai a jona, kada a jira sai batir ya yi ja. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne bakin cajinta USB-C ne, don haka caja ɗaya da fawabank ɗaya suna yi mini hidimar waya da kwamfutar hannu duka. A kula da cajar da ake haɗawa da ita a shago: wadda aka fara ba ni an rubuta mata wat 25 a jiki, amma kwana take yi ba ta cika batirin ba, sai da na mayar na ƙara kuɗi na karɓi ta ainihi.

Ɗalibin da ke karanta takardun lakca, malamin da ke yawo da littattafai, ɗan kasuwar da ke duba lissafi da hotunan kaya tsakanin Kano da Legas, duk za su ci moriyar kuɗinsu a wannan na'ura, musamman idan suka sami mai layi mai giga 8. Wanda aikinsa zane ne, ko haɗa bidiyo, ko dogon rubutu kullum, gara ya tara kuɗinsa ya sayi abin da ya fi ta. Ni dai a cikin tafiya huɗu, uku yanzu ina barin laftof a gida, ta huɗun kuwa ita ce ta ƙarshen wata, lokacin da nake haɗa rahoto.