Kwana Arba'in da Tara a Titunan Ostiraliya: Bayani ga 'Yan Uwa na Gida

'Yan uwa, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da na yi muku alkawari a kan tafiyar da na yi ni kaɗai a mota, ina da shekara 68, bayan na ajiye aiki. Na tashi daga Adelaide, inda nake zaune, na nausa yamma zuwa Perth, na yi arewa ta Broome da Kununurra har Darwin, sannan na gangaro kudu ta tsakiyar ƙasar na dawo gida. Kusan kilomita 10,000 ke nan cikin mako bakwai, a watannin Yuni da Yuli, waɗanda su ne lokacin sanyi a kudu kuma rani a arewa, domin daga Nuwamba zuwa Afrilu damina takan cika rafukan arewacin ƙasar har ruwa ya tare hanya. Ba ni kaɗai ne dattijo a kan titi ba. 'Yan fansho da yawa suna yin wannan zagaye da ɗakin kwana da ake ja a bayan mota, har ana yi musu laƙabi da makiyaya masu furfura, ko da yake babu mai ko akuya a cikinsu.

Titin kansa ba shi da abin kushewa, kwalta ce lafiyayya tun daga farko har ƙarshe. A hagu ake tuƙi, kamar yadda muke yi a Najeriya kafin a sauya hannu a 1972, abin da ni da sa'o'ina muka gani da idonmu. Abin da ya bambanta shi da namu shi ne rashin mutane. Ƙasar ta ninka Najeriya girma fiye da sau takwas, amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, kuma mafi yawansu a biranen gaɓar teku suke. Tsakanin Ceduna da Norseman, a kan titin Eyre da ya ratsa filin Nullarbor, akwai kimanin kilomita 1,200, wato ya ɗara nisan Kano zuwa Legas, kuma babu gari ko ɗaya da ya kai a kira shi gari. A nan ne titin ya miƙe sambal tsawon kilomita 146 ba tare da kwana ko ɗaya ba, kuma a nan na gane cewa babban abokin gābar tsoho mai tuƙi shi kaɗai gyangyaɗi ne, ba rami ba.

Abin da ke raya matafiyi a irin waɗannan wurare shi ne zango: gidan mai da ɗakin abinci da ɗakunan kwana a haɗe, su kaɗai a tsakiyar daji, wani lokaci sai an yi kusan kilomita 190 kafin a tarar da na gaba. Babu yaron da zai zuba maka mai. Kai ne za ka sauka ka ɗauki bututun ka cika tankinka, sannan ka shiga ciki ka faɗi lambar famfo ka biya da kati. Ban taɓa ganin layi ba, ban taɓa jin an ce mai ya ƙare ba, kuma ban yi shakkar litar da aka sayar mini ba. Sai dai farashin ya fi na birni nesa ba kusa ba, kuma dalilin a fili yake: komai da tirela ake kawo shi daga nesa, wutar zangon ta janareta ce, ruwan ma sai an tace na ƙarƙashin ƙasa mai gishiri. Idan kuma lissafinka ya kuskure mai ya ƙare a tsakani, to babu ɗan bumburutu da zai ɓullo da galan.

Inda na fi kewar gida shi ne ranar da tayata ta fashe a arewa maso yamma. A hanyar Kano zuwa Maiduguri, da wuya ka tura mota nisa ba ka ga mai faci a gindin bishiya ba, kuma kafin ka gama salati matasa uku sun kama maka. A can ni da gwiwoyina muka kwance tayar, muka ɗaura safaya. Wani dattijo ɗan ƙasar ya tsaya ya tambaye ni ko ina da ruwa, ya jira har na gama, wanda al'adarsu ce a daji kuma na yaba da ita. Da na isa wani gareji kuwa, sai aka ce ba a yi wa irin wannan fashewar faci, sabuwa kawai zan saya, kuma sai na jira kwana biyu a kawo ta. Kuɗin aikin hannu kaɗai ya isa a sayi taya a gida. Wannan shi ne tsarin ƙasar gaba ɗaya: kaya suna da inganci, amma hannun mutum shi ne mafi tsada. Saboda haka mutane da yawa suna biyan kuɗin shekara ga ƙungiyar masu motoci ta jiharsu, irin su RAA a jiharmu da RAC a yamma, domin su aiko da motar janwe idan an lalace.

Abinci sai da dabara. A manyan garuruwa akwai kantunan Coles da Woolworths, inda farashi ke rubuce a jikin kaya kuma ba a ciniki. Naman halal na same shi a Perth da Darwin ba tare da wahala ba, amma a tsakani kifin gwangwani da ƙwai da dabino da garin kwaki ne suka riƙe ni. Babu mai shayi, babu mai tsire, babu yarinyar da za ta miƙo maka gyaɗa ko dafaffen ƙwai ta taga. Shingen da ya tsayar da ni a kan iyakar jihar yamma, kusa da Eucla, ba takardun mota yake nema ba, 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da zuma yake nema, don kada a shigar da ƙwari da cututtukan shuka. Na miƙa albasata da tumatirina ina ji ina gani, kuma jami'in bai nemi na goro ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake hana ku aiko mini da kilishi, domin a filin jirgi za a ƙwace shi. Ruwa kuwa, a Coober Pedy, garin masu haƙar duwatsu masu daraja inda mutane da yawa ke zaune a gidajen ƙarƙashin ƙasa saboda zafi, famfo ne ake jefa masa tsaba ya ba ka gwargwadon kuɗinka. Banɗakunan jama'a kyauta ne kuma da tsabta, amma takarda kawai ake ajiyewa, don haka butata ba ta rabu da ni ba.

Maganar lafiya ita ce ta fi damun 'ya'yana kafin na tashi. A nan ba a shiga kemis a ce a ba ni maganin hawan jini kamar yadda muke yi, sai da takardar likita, shi ya sa na tanadi na wata biyu. Layin waya na kamfanin Telstra ya fi sauran kamawa a karkara, amma shi ma yakan ɗauke na sa'o'i, don haka na ɗauki wata 'yar na'ura mai aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan Adam. Idan ciwo ya yi tsanani, likitoci ne ke zuwa da jirgin sama, aikin da wani malamin coci mai suna John Flynn ya kafa a Cloncurry a 1928, kuma a wasu wurare na titin Eyre an shata kwaltar da fenti domin jirgin ya sauka a kanta. Ban yi tuƙi da asuba ko bayan magariba ba, saboda lokacin ne kangaru da shanu da raƙuma ke ratsa titi, kuma na koyi kauce wa tirelolin da ke jan bodi uku ko huɗu, waɗanda tsawonsu kan wuce mita 50.

Raƙuman nan jikokin waɗanda aka kawo ne a ƙarni na 19, tare da Musulmin da ke kora su daga Afganistan da yankin da ya zama Pakistan, kuma su ne suka gina masallacin Adelaide a wajajen 1888, wanda har yau ake salla a cikinsa. Na samu Juma'a a Alice Springs, a masallacin da ke ɗauke da sunansu. Sauran kwanakin kuwa kasaru na yi ta yi a gefen titi, ina fuskantar yamma da ɗan karkata arewa, duk da cewa har yanzu bakina gabas yake kiran alƙibla. Idan Allah ya kai mu baɗi da lafiya, ɓangaren gabas ya rage mini, ta Melbon da Sidni har Cairns, kuma a wannan karon da safaya biyu zan tashi.