Karatun jinya a Sakkwato: ra'ayin uwar da ke biyan kuɗin makaranta

Ɗiyata ta biyu tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, kuma tun da aka fara ganin ta da fararen kaya mata ke tare ni a gidajen biki da suna: "Hajiya, ya makarantar take? Kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa?" Tana biya. Amma akwai abubuwan da nake so kowace uwa ta sani kafin ta saki ko sisi.

Ƙofar ba ɗaya ba ce. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na ba da digirin jinya na shekara 5, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Asibitin koyarwa na jami'ar yana da tasa makarantar, gwamnatin jiha kuma tana da kwalejin jinya a cikin Sakkwato da wata a Tambuwal. A da shekara 3 ake yi a fito nas mai lasisi, yanzu makarantu da yawa sun koma tsarin ND da HND, wato ƙaramar difloma da babbar difloma, shekara bibbiyu, ana shiga ta JAMB. Ko ta ina aka bi, sai da kiredit 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wani ruɗani da nake yawan ji shi ne na kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa, wadda wasu ke ɗauka makarantar jinya ce. Ma'aikatan lafiyar al'umma take yayewa, aiki ne mai daraja da ƙauyukanmu ke dogaro da shi, sai dai takardarsu daban, hukumar da ke ba su lasisi ma daban.

Lasisin nan shi ne komai. Hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke amincewa da makaranta, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka. Na san gidan da aka sayar da gona aka kai yarinya wata makarantar kuɗi mai kyan gini, sai da aka yi nisa aka gano ba ta da amincewar hukumar. Har yau uwar ba ta iya maganar ba tare da hawaye ba.

Abin da ya fi burge ni a makarantar ɗiyata shi ne ba a tsaya ga allo ba. Bayan watannin farko akwai jarrabawar da suke kira PTS, wadda ke tankaɗe ɗalibai, kuma gidanmu bai yi barci ba sai da sakamakon ya fito. Daga nan sai asibiti: gyaran gado, awon zafin jiki da hawan jini, wankin ciwo, allura, sa ƙarin ruwa, aikin dare. An kai su ɗakin yara, an kai su ɗakin haihuwa, an tura su ƙaramin asibiti a ƙauye. Da ta dawo daga can ta ce min, "Inna, mace ce ta zo a kan babur tana zubar da jini, mu biyu ne kawai da sista a wurin." Matar ta rayu. Yarinyar da a da ko yankan kaza ba ta iya kallo, yanzu ita ke duba wa kakarta sukari, tana kuma hana ta shan maganin da ba likita ya rubuta ba. Malamansu, musamman tsofaffin sistoci, wato manyan nas-nas, ba sa wasa da lokaci ko tsabtar farce, kuma ina gode musu.

Inda raina bai yi daɗi ba shi ne cunkoso. Gwamnatin tarayya ta ƙara gurbin ɗaliban jinya a ƙasar, abu ne mai kyau, amma a makarantar ɗiyata ɗakin gwaji bai ƙaru ba, malamai ma haka. Ɗalibai kan yi dafifi a kan mutum-mutumi ɗaya, na baya sai dai su ji bayani. Ruwa a ɗakin kwana matsala ne a watannin zafi. Kuɗi kuwa ba ya tsayawa ga abin da aka rubuta a takarda, domin akwai yunifom, littattafai, kuɗin mota zuwa asibiti da rajistar jarrabawar hukuma.

Batun aiki ne ya fi sa ni tunani. A 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3. Wasu Ingila, wasu Amurka, wasu Saudiyya. Mu nan ba tafiya waje kaɗai ke cin mu ba. Ƙananan hukumomi 23 gare mu, amma kowa so yake a bar shi cikin birni, kuma ba na ganin laifin uwar da ke fargabar a tura ɗiyarta Isa ko Sabon Birni da halin tsaron da ake ciki. Aiki dai akwai shi, sai dai mafi yawan buƙatar tana can inda babu wuta, babu gidan ma'aikata. Albashin ma bai kai wahalar ba, abin da ya sa ƙungiyar ma'aikatan jinya ta shiga yajin aikin gargaɗi a watan Yulin 2025.

Ɗiyata so take ta ƙara da ungozoma, na kuma goyi bayanta, domin na san mata nawa ne a danginmu ke ƙin zuwa awon ciki don kada namiji ya duba su. Wata ƙawarta kuma Kware take hange, makarantar jinyar masu taɓin hankali.

Idan za ki kai taki, je ki da ƙafarki. Ki nemi a nuna miki shaidar amincewar NMCN, ki tambayi asibitin da ɗalibai ke koyon aiki, da ɗalibai nawa suka ci jarrabawar hukuma bara.