Gilashin ƙara girma, madubin likita ko na hangen nesa: wanne za ka fara saya wa yaro?

Da aka yi ruwan shuka bana, shinge ya fito da magariba, yarana suka cika kwano da shi. Autarsu mai shekara biyar ta ɗago guda ɗaya ta ce, "Baba, ina idonsa yake?" Na juya shi, na sake juyawa, ban iya nuna mata ba. Tambayar nan ce ta sa da na shiga Kano na zaga shagunan kayan makaranta a Sabon Gari, ina neman abin da zai sa yaro ya ga halittun tsakar gidansu da kyau.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi gilashin ƙara girma mai mariƙi. Za ka ga an rubuta 3x ko 5x a jikinsa, ma'ana yana ninka girman abu sau uku ko sau biyar. Wannan ya wadatar da yaro ɗan shekara huɗu zuwa takwas. Kada faɗin gilashin ya ruɗe ka, galibi mai faɗi sosai ƙarfinsa kaɗan ne. Akwai kuma ƙarami mai 10x irin na masu gyaran agogo, amma sai an manna shi da ido an matso da abu daf, hannun ƙaramin yaro ba ya iya wannan. Tsakanin na roba da na gilashi kuwa, na roba ba ya fashewa, sai dai ƙurar hunturu na karce shi, kafin a jima ya yi hazo. Ni na gilashi na zaɓa, mai zoben roba a gefe, na ɗaura masa igiya a rataya a wuya. Kafin ka biya, ɗora shi kan rubutun jarida. Idan layukan gefe sun lanƙwashe ƙwarai ko sun yi launi-launi, ajiye shi.

Abin da za a gani da shi ba ya ƙarewa. Tumɓuke wake ko gyaɗa guda, ka wanke saiwar, yaro zai ga ƙananan ƙulle-ƙulle. A cikinsu ƙwayoyin bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, suke zaune, masu ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Nan ne dalilin da ya sa iyayenmu ke haɗa wake da gero a gona ɗaya. Ɗebo ruwan da ya kwana biyu a tsohuwar taya ko fasasshen tulu, za a ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, tana tasowa sama ta shaƙi iska. Yaron da ya ga wannan da idonsa, ba sai an yi ta faɗa da shi kan kife gwangwanaye ba.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: gilashin nan yana tara zafin rana wuri ɗaya har ya kunna wuta. A gidan da ke da danga, zana da tarin kara, musamman bayan kaka, ba a barin sa a hannun yaro ba babba a kusa, ba a kuma yar da shi a rana. Kallon rana ta cikinsa kuwa yana iya lalata ido. A faɗa wa yaro wannan tun ranar farko.

Madubin likita na wasan yara, wanda ke zuwa a kwali mai sheƙi an rubuta 1200x, shi ne ya fi jan ido, shi ne kuma na fi hana mutane saye. Na ɗakin gwaje-gwajen asibiti ma kusan sau 1000 yake tsayawa. Na robar nan duhu da rawa kawai yaro zai gani, ya gaji ya jefar. Ga shi sai an yanka abu siriri yadda haske zai ratsa shi, ga batir. Idan makaranta ce ko Islamiyya za ta haɗa kuɗi, gara a sayi na gaske guda ɗaya mai ƙaramin madubi a ƙasa da ke karɓar hasken rana, ba ruwansa da wutar lantarki. Da 40x zuwa 100x ana ganin ɗakunan da ke cikin fatar albasa sarai. Akwai wani na takarda mai suna Foldscope da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka, mai ninkawa sau 140. Yana da sauƙin ɗauka, amma ya fi dacewa da 'yan aji biyar zuwa sama.

Ɗan gilashin da ake maƙalawa a kyamarar waya yana ɗaukar hoto mai kyau, sai dai hankalin yaro kan koma kan wayar, ƙwaron ya tafi abinsa.

Madubin hangen nesa ya danganta da inda kake. Mutumin Hadejia ko Kiri Kasamma, kusa da dausayin Baturiya inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin sanyi, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Haka wanda shamuwa ke sheƙa a bishiyar ƙofar gidansa. Nemi mai rubutun 8x21: takwas ɗin ninki ne, 21 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Wanda ya wuce 10 rawa yake yi a hannun yaro. Leƙa ta ciki tun a shago, in ka ga abu ya rabu biyu, ciwon kai zai sa.

Mayen ƙarfe kuwa kada ka saya. Je wurin mai gyaran rediyo ya ciro maka na tsohuwar lasifika. Sa shi a leda, yaro ya ja shi cikin yashin rafi, baƙin garin ƙarfe zai manne. Babban mayen ƙarfe nake nufi, domin ƙananan masu ƙarfi in yaro ya haɗiye su suna iya huda hanji.

Da na dawo da gilashin, shinge ya riga ya wuce, sai muka fasa gefen suri muka ɗebo gara. Auta ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Baba, wannan ba shi da ido." Gaskiyarta: ma'aikatan gara makafi ne, masu fiffiken ne ke da idanu. Ta sa na yi mata alkawarin ajiye gilashin a cikin adaka har ruwan farko na baɗi.