Dodon koɗin teku a wani gidan abinci na Varna

Gidan abincin yana bakin tekun Bahar Aswad a birnin Varna na ƙasar Bulgeriya, kuma abincin da ya fi suna da shi shi ne naman wani dodon koɗi da mutanen yankin ke kira rapan. Ana yanka naman sirara-sirara, a soya shi da man shanu da tafarnuwa, a kawo shi da lemun tsami da gasasshen burodi. Ɗanɗanonsa mai daɗi ne, ba shi da ƙarnin da na yi tsammani, sai dai yankan da suka yi kauri sun yi tauri kamar ganda, domin wannan nama ba ya son daɗewa a wuta. Wanda ba ya cin abin da aka dafa da giya ya kamata ya tambaya tun kafin ya yi oda. Ma'aikatan sun amsa mini cikin ladabi, suka dafa nawa dabam.

Abin da ya sa na ɗauki farantin da muhimmanci shi ne tarihin dabbar. Asalinta daga tekunan Japan da Koriya da Sin ne, kuma a shekarun 1940 aka fara ganinta a Bahar Aswad, kusa da tashar jiragen ruwa ta Novorossiysk a ƙasar Rasha, inda ake kyautata zaton jiragen ruwa ne suka kawo ta. Abincinta kawa ce da danginta masu ɓawo biyu: takan lulluɓe kawar da jikinta, ta buɗe ɓawon da ƙarfi, ta cinye naman. Da yake ba ta tarar da abokan gaba masu cin ta a wannan teku mai ƙarancin gishiri ba, sai ta yaɗu ba kama hannun yaro, har ta ƙarar da shahararriyar matattarar kawa ta Gudauta da ke gabashin tekun cikin 'yan shekaru. A 1998 ma an gano ta a mashigin Chesapeake na Amurka, har masu bincike suka riƙa biyan masunta lada kan kowace guda da suka kawo.

Saboda haka cin ta yana rage wa kawa maƙiyi, kuma masuntan Bulgeriya da Turkiyya suna samun abin rufin asiri ta hanyar sayar da ita ga Japan da Koriya ta Kudu. Amma a nan ne gidan abincin ya gaza, domin takardar abincinsa ba ta faɗi yadda aka kamo ta ba. Akwai masu nutso da ke tsintar ta da hannu, akwai kuma jiragen da ke jan koma mai ƙarfe a ƙasan teku, suna kwashe duk abin da ke wurin, har da ragowar dangin kawar da ake son cetowa. Da na matsa da tambaya, mai kula da wurin ya ce daga masu nutso suke saye a lokacin zafi. Ina ba da shawarar a je, a nemi yanka sirara, a kuma yi wannan tambayar kafin a ci.