Tiren da na zaɓa a Khan Khalili ba shi na kwance a Gombe ba

Sati uku muka yi a Alƙahira ni da Inna, an yi mata aikin gwiwa. Duk zaman nan daga masauki sai asibiti. Da ya rage saura kwana biyu mu taso, jikinta ya yi sauƙi, na ce ba zan koma gida hannu rabbana ba. Mai gidan da muka kama haya ya haɗa ni da wani ofishi mai kai baƙi yawo. Suka ce yini guda ne, da mota da direba da ɗan rakiya da abincin rana, a kai ni kasuwar Khan Khalili in yi tsaraba, a dawo da ni kafin magariba. Ko tayawa ban yi ba na biya.

Sun zo a kan lokaci, motar ma ba laifi. Ɗan rakiyar akwai baki. Tun a hanya yake ba ni labarin wani basarake Jarkas al-Khalili da ya gina wurin a ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Sarki Barƙuƙ. Muka sauka a filin gaban Masallacin Husaini, ga Azhar can tsallaken titi, masallacin da ya haura shekara 1,000, wanda tun muna Islamiyya muke jin sunansa a bakin malamai. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Daga nan muka kutsa lunguna: fitilu masu gilashi kala-kala, turare, carbi, gyale, da tulin zoɓo da suke ce wa karkade. Gumakan Fir'auna kuwa ko kallo ba su ishe ni ba, wa zai kai wannan gidansa?

Tsarabar da ta tsaya min a rai ita ce ta Hajiya, mahaifiyar maigidana. Ita ta riƙe min yara uku duk tsawon tafiyar, har da na goye da na yaye ana gobe za mu tafi. Tiren tagulla nake so in kai mata, irin wanda za ta riƙa fito wa baƙi da shi. A titin Mu'izz akwai layin maƙeran tagulla da ake kira Nahhasin, na ja na tsaya a nan, sai ɗan rakiya ya ce, "Hajiya, waɗannan tsada gare su, zo in kai ki shagon da na yarda da shi." Na bi shi.

Gaskiya tiren da aka sauko min da shi ya kai. Hannu biyu na sa na ɗaga shi saboda nauyi. Zanen da ke kansa sassaƙa ce ta hannu, kana shafawa kana jin zurfinta, in ka juya bayansa ga sawun guduma nan reras. Kusa da bakinsa akwai wata 'yar lotsawa kamar ƙwayar gero biyu, na daɗe ina murza ta da babban yatsa, har mai shagon ya ce ai wannan ce shaidar aikin hannu. Ya yi min kuɗi fam 4,000 na Masar, na taya 1,500, ya dafe ƙirji, aka kawo shayi da na'ana'a, muka yi ta ja har ya sallama a 2,600. Sai yaron shago ya ɗauke tiren ya shige ciki, wai za a naɗe shi da kyau saboda jirgi. Ya fito da shi cikin kwali da jarida, an zagaye da salatif ta ko'ina. Ɗan rakiya ya ce kada in kwance sai na isa gida. Na ma yi musu godiya.

Da azahar ina waya da Inna a ƙofar masallaci, wani yaro ya ji Hausa ya matso ya gaishe ni. Ɗalibin Azhar ne, mutumin Kumo. Shi ya tambaye ni ko an kai ni Khayamiya, layin masu ɗinkin ado na hannu. Ɗan rakiya ya ɓata rai, ya ce lokaci ya tafi, ni kuma na kafe. Muka taka har muka wuce Bab Zuwaila, ƙofar gari da aka gina a 1092, muka shiga wata rumfa doguwa mai rufin katako. A nan na ga wani dattijo zaune ya tanƙwashe ƙafa, yana yanka ƙyalle yana lanƙwasa bakinsa da allura yana ɗinke shi kan zane mai kauri, ko zaren ba ka gani. Bai kira ni ba, bai ja min gyale ba. Na sayi rigar filo biyu da na ratayawa a bango ɗaya, a gabana ya ninke ya sa a leda. Da a daren nan na rubuta wannan sharhi, da yabo kawai za ku karanta.

Muka sauka Kano, muka kamo hanyar Gombe. Washegari da la'asar na tafi Jekadafari gidan Hajiya, facalolina biyu suna nan, ga yara. Na ajiye kwalin a gabanta na ce, "Hajiya, ga ɗan abin da ya samu." Aka kawo wuƙa aka yanke salatif. Tun kafin in gama zare jaridar gabana ya faɗi, don da hannu ɗaya na ɗago shi. Sakayau kamar murfin gwangwani. Zanen bugun inji ne, bayansa sumul, ruwan ɗorawa aka shafa masa. Na kewaye bakinsa da yatsa har sau biyu ina neman 'yar lotsawar nan, babu ita.

Hajiya ta karɓa ta juya shi, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, har da wahala haka?" Wannan albarkar ta fi min ciwo a kan a ce ta yi shiru. Ɗaya daga cikin facalolin ta ce ta ga irinsa a babbar kasuwa wajen masu kayan kicin. Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma gaskiya ta faɗa. A mota na yi kukana.

Na tura wa ɗan rakiyar hoton ta WhatsApp. Ya ce wataƙila kuskuren yaro ne, in kawo a canza min. Daga Gombe! Ofishin kuwa cewa suka yi su mota suka ba ni, ba ruwansu da cinikin shago. To wa ya hana ni tsayawa a Nahhasin? Sai yanzu nake tuna cewa muna fitowa ɗan rakiyar ya koma shagon shi kaɗai wai ya manta wayarsa, ashe la'adarsa ya je karɓa. Abincin ranar da aka sa a cikin kuɗina ma ban gan shi ba, ni na saya mana koshari, abincinsu na shinkafa da taliya, har da direba.

Kasuwar kam zan koma in Allah ya sake kai ni, kuma ɗalibanmu zan nema su raka ni. Wannan ofishi ko kyauta suka ce, na yafe. Ɗinkin dattijon nan da na saya don ɗakina na cire na kai wa Hajiya, yana rataye a falonta. Tiren na roƙe ta ta ba ni, yana bayan kabad, har yau ban iya sake kallonsa ba.