OLED mai inci 55: baƙinsa ya burge ni, rage haskensa ya ƙona min rai

Wanda bai taɓa kallon OLED a ɗaki mai duhu ba, bai san baƙi a talabijin ba tukuna. Waɗanda muke kira LED ainihinsu LCD ne. Akwai fitilu a bayan allon ko a gefensa da suke kunne ko da yaushe, allon gaba ne yake ta faman tare hasken, kuma ba ya iya tare shi duka, shi ya sa dare a fim yake fitowa toka-toka. OLED ba shi da fitilar baya sam. Kowane ɗigon hoto shi ke ba da nasa hasken, idan aka zo kan baƙi sai ya mutu murus. Allon 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, kusan miliyan 8.3 ke nan, kowanne yana kashe kansa ba tare da ya shafi na kusa da shi ba. Ka sa fim mai baƙin layi sama da ƙasa, ka kashe fitilar ɗaki, ba za ka gane inda allon ya ƙare ba. A wannan fannin ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Fasahar ba jiya ta fito ba. Sony ta fitar da na farko a 2007, ɗan mitsitsi mai inci 11, masu inci 55 suka shigo kasuwa a 2013, daidai lokacin da talabijin irin na plasma ke ban kwana, don a 2014 manyan kamfanoni suka daina ƙera shi. Sai dai yanzu ne take shiga gidaje da yawa, kuma masu saye ba sa jin labarin abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi, wato yadda talabijin ɗin yake rage haskensa da kansa ba da izininka ba.

Ga yadda abin yake. Ana buga ƙwallo da rana, labule a buɗe. Kamara ta matso kan ɗan wasa, hoto tangaran, zufar goshinsa ma kana gani. Ta ja baya ta ɗauko fili gaba ɗaya, koren ciyawa mai hasken rana ya cika allo, sai ka ga hoton ya ɗan dusashe. Aka tafi hutun rabin lokaci aka sa talla mai farin bango, farin nan ya koma ruwan toka a gaban idonka. A tashar labarai kuma salon daban ne: mai gabatarwa yana zaune wuri ɗaya, hasken yana sauka a hankali a hankali, ba ka ankara ba sai ka taɓa wani maɓalli a rimot ka ga allon ya washe farat ɗaya. Duk wanda ya ga haka zai rantse talabijin ɗin ya samu matsala. Lafiyarsa ƙalau, haka aka yi shi, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi.

Ba abu ɗaya ba ne ke jawo shi, shi ya sa mutane ke kashe saiti ɗaya su ga babu canji su haƙura. Mafi sauƙi shi ne tsimin wuta da 'yar na'urar auna hasken ɗaki da ke ƙasan allon. Duka biyun a kunne suke zuwa daga masana'anta, kuma ana kashe su a wajen saiti. A fara da su, don wani ɓangare na ƙorafin nan take yake tafiya.

Wanda ba ya tafiya shi ne ake kira ABL, wato tsarin da ke iyakance hasken allo da kansa. Tunda kowane ɗigo shi ke cin wutarsa, farin allo gaba ɗaya yana nufin ɗigo miliyan 8 suna ja a lokaci guda, ga zafi yana taruwa. Don haka aka sa masa iyaka. A matsakaicin OLED, ɗan farin da bai wuce kashi 10 cikin 100 na allo ba yana kaiwa wajen nit 700 zuwa 800 a ma'aunin haske, amma idan farin ya cika allo sai ya faɗo wajen 150 zuwa 200. Babu maɓallin kashe wannan. Dabara ɗaya ce: a sauke hasken allo zuwa wajen rabi a kallon tashoshi na yau da kullum, a kashe saitin ƙarin haske na ƙololuwa, yadda hoton ba zai riƙa kai wa iyakar ba balle a danne shi. Hawa da saukar takan tsaya. Amma me ka samu? Allon da ya daidaita a dusashe, a falon da rana ke shigowa. Ga gilashin gaban mai sheƙi ne, taga da fitila duk kana ganinsu a cikin hoto.

Sai mai bin tambarin tasha. Idan ya hango abin da ba ya motsi, irin tambari a kusurwa ko allon maki, sai ya rage hasken wurin. A nawa mataki uku ne: kashe, ƙasa, sama. A bar shi a ƙasa. Na sama yana dusasar da wurin har ya zama kamar tabo.

Na ƙarshe shi ne mai tsautsayin. Yana lura da matsakaicin hasken hoto, idan ya ɗauki 'yan mintoci bai canza ba sai ya ɗauka an tsayar da hoto ne, ya fara ragewa. Ba ya bambance hoton da aka tsayar da doguwar fitowa a fim inda mutum biyu ke magana a ɗaki mai duhu. Wurin da dama can da ƙyar kake ganin fuska, nan zai ƙara dannewa. A yawancinsu ba a kashe shi sai ta ɓoyayyen saitin masu gyara, kuma ban ba kowa shawarar shiga can ba. Garanti na iya tafiya, kuma lamba ɗaya ka canza bisa kuskure launin allon ya rikice.

In za a yi adalci, ba don mugunta aka sa waɗannan ba. Sinadarin da ke ba da hasken yana tsufa gwargwadon aikin da ya yi, shuɗi ya fi saurin gajiya. Idan wuri ɗaya ya daɗe yana nuna abu ɗaya mai haske, ɗaruruwa ko dubban awoyi a tare, ɗigon wurin sai su riga sauran tsufa, inuwar tambarin ta zauna daram, ba ta goguwa. Wannan daban yake da inuwar da ke bayyana bayan an daɗe a hoto ɗaya ta ɓace cikin mintoci. Don kariya, talabijin ɗin yana gusar da hoton kaɗan-kaɗan yadda ido ba ya gani, a bar wannan a kunne. Kuma duk bayan kamar awa 4 na kallo, idan aka kashe shi da rimot, yana yin wani gajeren aikin daidaita ɗigon na 'yan mintoci, allo a kashe. Masu ɗabi'ar zare filogi daga bango da zarar sun gama kallo, ku sani kuna hana shi wannan aikin ne. A kashe da rimot, a ba shi kwata na awa, sannan a zare in dole ne. Babban aikin daidaitawar da ke cikin saiti kuwa ba na yi kullum ba ne, sai an ga tabo.

Da dare komai nasa daidai ne, har mutum ya manta da ɓacin ran rana. Fim mai HDR, wato tsarin hoto mai faɗaɗa tazarar haske da duhu, ko HDR10 ko Dolby Vision, tartsatsin wuta da fitilun mota a cikin duhu suna fitowa ba tare da hazo a gefensu ba. Daga gefe ka zauna launi ba ya koɗewa irin na LCD. Idan ta intanet ake kallo, 4K yana son aƙalla megabit 15 a daƙiƙa mai ɗorewa, in ba haka ba manhajar za ta sauke ingancin a ɓoye kana zaton 4K kake kallo. Na so in ce saboda kyan hotonsa da dare kaɗai ya ci kuɗinsa.

Sai kuma ka koma dikoda. Tashar da ba HD ba ɗigo 720 sau 576 take aikowa, 414,720 ke nan, daidai kashi 1 cikin 20 na abin da allon ke buƙata. Sauran 19 ɗin talabijin ne ke ƙirƙiro su. Fuska ta zama kamar an shafa mata man shafawa, rubutun ƙasa yana da ƙura-ƙura a gefe, wuraren duhu suna fashewa murabba'i-murabba'i, kuma tsabar baƙin OLED ya fi tona wannan asiri. Tsohon ƙaramin talabijin ya fi rufa wa irin waɗannan tashoshi asiri. Abin da ke ragewa: a yar da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, a sa HDMI. A shiga saitin dikoda a sa fitarwa a 1080, don wasu a 576 suke zuwa. A sauke kaifin hoto kusa da sifili, yawansa farin layi kawai yake zanawa a gefen abubuwa. Saitin rage ƙurar hoto a bar shi a ƙasa. Kuma a ja kujera baya: mita 1.7 zuwa 2.2 ya dace da 4K a inci 55, amma tashoshin nan sai daga mita 3.

Motsi ma sai an zauna masa. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, kuma OLED yana sauya hoto nan take, don haka idan kamara tana juyawa a hankali za ka ga ɗan tsalle-tsalle. Saitin da ya zo da shi yana cusa hotunan ƙarya a tsakani har fim ya rasa kamanninsa, ƙwallo kuma ta riƙa rabuwa biyu idan aka buga ta da ƙarfi. Mataki 2 ko 3 cikin 10 ya isa. Launi a sa mai ɗumi, wanda ya fi kusa da 6500K, ma'aunin farin launi da ake shirya finafinai da shi. Kwana biyun farko zai yi maka kamar rawaya, daga baya ido ya saba.

Wajen ratayawa a yi hattara. Saman allon siriri ne ƙwarai, kayan wutar duk suna ƙasa, don haka ramukan sukurun ma suna ƙasa da tsakiya. Wanda ya auna daga tsakiyar allo ya huda bango zai tarar talabijin ya haye sama fiye da yadda ya so. Nawa tazarar ramukan milimita 300 da 200 ce, sukuru M6, kuma a duba tsawon da littafinsa ya ce, don dogon sukuru yana iya taɓo allon wuta na ciki. Mutum biyu za su ɗauka, a riƙe ta ƙasa wajen kaurin, ba a matsa siririn saman da yatsu. Sautinsa ba nauyi, sai an haɗa lasifika ta ramin HDMI mai alamar eARC.

Wanda kallonsa finafinan dare ne, ko wasan bidiyo a ɗakin da ke da labule mai kauri, ya saya ba fargaba. Wanda talabijin ɗinsa ke kunne tun safe a tashar labarai ɗaya a falo mai tagogi, ya nemi Mini-LED. LCD ne shi ma, amma da dubban ƙananan fitilu a baya da aka raba shiyya-shiyya, yana riƙe haske ko fari ya cika allo, ba ya tsoron tambari. Aibinsa ɗan hazo a gefen farin rubutu idan bayansa baƙi ne. Ni da na san girman rage hasken nan, da na yi dogon tunani, don a wajen sayarwa a yanayin baje koli suke kunna shi, da bidiyon da aka zaɓo na abubuwa masu launi a kan baƙin bango, irin hoton da ba zai taɓa tayar da ABL ba. Ka ce a sa maka ƙwallo ko farin shafi ya cika allo kafin ka biya. Idan kuma ya iso gida, tun wa'adin mayarwa bai wuce ba, ka sa hoton ruwan toka mai duhu na kashi 5 cikin 100 a ɗaki mai duhu ka duba layuka a tsaye. 'Yan sirara ba komai ba ne, sukan ragu bayan an yi kallo na wasu awoyi. Mai kaurin da kake hangowa a cikin fim na gaske, mayar musu da abinsu.